Yadda Ake Zuwa Comic Con a Dawo da Littattafan Zane Masu Kyau da Sa Hannu na Gaske

Tun da na fara tara littattafan zane, tambayar da ake yawan yi mini iri ɗaya ce. Idan mutum ya samu hanyar zuwa ɗaya daga cikin tarukan baje kolin nan da ake kira Comic Con, me zai fara yi, me zai riƙe, nawa zai kashe, kuma yaya zai samu mai zane ya sa masa hannu ba tare da littafin ya lalace ba? Ga amsar daki-daki. Ka kula da jerin matakan sosai, domin yawancin asarar da ake yi a wannan harka daga yin na biyu kafin na farko take fitowa. Tawada idan ta hau bangon littafi, ba ta sauka.

1. Zaɓi taron da ya dace da kai

Wanda ya fi suna shi ne na San Diego a Amurka, wanda aka fara a 1970, ana yin sa a watan Yuli, kuma mahalarta kan haura 130,000. Akwai na New York a watan Oktoba a zauren Javits, da na MCM a Landan da ake yi sau biyu a shekara a zauren ExCeL. Masu karanta Faransanci suna da na garin Angoulême a Faransa, wanda ya faro a 1974. A nan Afirka akwai Comic Con Africa da aka fara a Johannesburg a 2018, sannan akwai Lagos Comic Con da Ayodele Elegba ya kafa a 2012.

Shawarata ga wanda bai taɓa zuwa ba, ya fara da na Legas. Babu biza, babu canjin dala, kuma masu zanen gida suna zaune a teburinsu, za ka yi hira da su ido da ido. Wanda kuma ya ƙuduri fita waje saboda tsofaffin littattafai, ya sani cewa girman taro daban, amfaninsa ga mai tara littafi daban. Kamfanonin fim sun mamaye babban ɓangare na San Diego. Taruka irin HeroesCon a birnin Charlotte da Baltimore Comic-Con sun fi ƙanƙanta, amma littafi da masu zane ne jigonsu, layi bai kai tsawon na manya ba.

Gargaɗi: kada ka ɗora tafiyarka gaba ɗaya a kan mutum ɗaya. Baƙi suna fasa zuwa, wani lokaci saura kwana biyu, kuma tikitin shiga ba a cika mayar da kuɗinsa saboda haka ba. Sai ka ga aƙalla mutum huɗu ko biyar da kake so a jerin baƙi kafin ka yanke shawara.

2. Katin shiga da biza kafin tikitin jirgi

Katin San Diego watanni da yawa kafin taron ake sayar da shi ta intanet, sai ka riga ka yi rajista ka samu lambar mamba, kuma yakan ƙare a ranar da aka buɗe. Kuɗin kwana ɗaya ya kai wajen dala 80 a 'yan shekarun nan. Sunanka ne a kan katin, ba a ba wani. Duk wanda ya ce zai sayar maka da nasa a Facebook ko WhatsApp, ka rabu da shi, ko da katin na gaske ne ana iya ƙwace shi a ƙofa.

Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne, kuma ba a mayarwa idan an hana. Saboda haka jerin shi ne katin shiga, biza, sannan jirgi da masauki.

Idan kwana ɗaya za ka iya saya, ka duba abin da ya kai ka. Asabar cunkoso ne, da ƙyar ake ratsawa. Alhamis ko Juma'a sun fi kyau ga mai neman sa hannu, masu zane ba su gaji ba tukuna. Lahadi ranar mai neman rahusa ce.

3. Rubuta abin da kake nema tun kana gida

Zauren taro yana ɗauke hankali. Mutum zai shiga da niyyar littafi uku ya fito da ashirin, babu ko ɗaya cikin ukun. Ka rubuta sunan jerin littafin, lambar fitowa, shekara, da iyakar kuɗin da za ka biya. Farashin kuma kada ka ɗauke shi daga abin da masu sayarwa suke nema a kasuwar intanet ta eBay. Ka shiga wurin da ake nuna waɗanda aka riga aka sayar, nan ne gaskiyar kasuwa take. Littafin farashi na Overstreet, wanda ake bugawa tun 1970, yana taimakawa wajen tsofaffi.

Ka yi jeri na biyu na abin da kake da shi a gida, don kada ka sayi abu sau biyu. Ka buga su a takarda, domin idan dubban mutane suka cika zaure, intanet ɗin waya kan tsaya cik.

Sai ka duba wa ya yi me. Littafin zane na Amurka aikin hannu da yawa ne: mai rubuta labari, mai zanen fensir, mai bin zanen da tawada, mai saka launi, mai rubuta haruffa, wani lokaci kuma mai zanen bango daban ne. Sunayensu suna shafin farko ko na biyu. Abin kunya ne ka tsaya layin awa guda ka miƙa wa mutum littafin da bai taɓa sa hannu a aikinsa ba.

4. Kayan aiki

Ledar littafi da kwalin da ake sawa a bayansa, su ne na farko. Girmansu iri-iri ne: na littattafan zamani, na shekarun 1960 da suka ɗan fi faɗi, da na shekarun 1940 da suka fi duka. Idan ka cusa tsohon littafi a ledar zamani, gefensa zai lanƙwashe. Ka tabbatar kwalin irin wanda ba ya sa takarda ta yi ja ne, ana rubuta hakan a jikin fakitin. Ɓangaren kwalin mai sheƙi shi ne ke fuskantar littafi.

Sai gida mai tauri na roba ko ƙaramin akwati da zai shiga jakar goyo, alƙalamin tawada mai kaurin baki da ake kira maka, baƙa da ta azurfa da ta zinariya, tef ɗin masu fenti mai launin shuɗi, reza ko almakashi don aikin gida, 'yan takardu masu manne, da doguwar roba mai murfi idan za ka sayi fosta. Ruwan sha ka sa shi a aljihun waje na jaka, nesa da takarda. Takalmi mai daɗin tafiya, domin yini guda za ka yi a tsaye. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, dala ɗaya-ɗaya da biyar-biyar da goma-goma, kuma ka tambayi bankinka tun kafin tafiya ko katinka zai yi aiki a waje.

5. Yanke shawara: na ajiya ne ko na kasuwa?

Nan ne zan daɗe, domin nan ne mutane suka fi faɗawa rami.

Akwai kamfanoni da ke duba lafiyar littafi su ba shi maki, su rufe shi a gidan roba mai tauri. Mafi shahara shi ne CGC da ke Sarasota a jihar Florida, wanda ya fara aiki a 2000, makinsa daga 0.5 zuwa 10. Launin takardar da ke saman gidan robar yana da ma'ana. Shuɗi na littafin da ba a yi wa gyara ko sa hannu ba ne. Shunayya na wanda aka yi wa gyara ne. Rawaya kuwa na wanda aka sa wa hannu ne a gaban wakilin kamfanin, ya gani da idonsa, kuma littafin ya koma hannun wakilin daga nan. Wannan rawayar ita ce masu saye suka fi yarda da ita.

To, ga inda jeri ya zama dole. Idan rawayar kake so, sai ka fara zuwa rumfar kamfanin, ka cike takarda, a haɗa ka da shaida, ku tafi teburin mai zane tare. Idan ka riga ka karɓi sa hannun kai kaɗai sannan ka zo, ka makara, shaida ba ya shaidar abin da bai gani ba. Yanzu akwai hanyar da masana ke tantance sa hannu bayan an yi, a CGC ɗin da kuma wani kamfani mai suna CBCS, amma takardar da za a ba ka daban ce, kuɗi ne na daban, kuma suna iya cewa ba su gamsu ba.

Kuɗin maki na littafin zamani kan fara daga sama da dala 25, ban da kuɗin shaida, da kuɗin aikowa, da ƙarin da wasu masu zane ke caja idan sun ga za a kai littafin maki. Ba a ranar za a ba ka ba, makonni ne ko watanni, don haka kana bukatar adireshin da za a aiko. Littafin da sabonsa dala 4 ko 5 ne, yawanci bai cancanci wannan wahalar ba.

Ni dai yawancin nawa na ajiya ne. Ina so in buɗe littafina in karanta, wanda aka rufe a roba kuwa sai kallo. Idan kai ma haka kake, ka tsallake kamfanin maki, ka ma bari a rubuta sunanka. Amma ka sani, littafin da aka rubuta wa "zuwa ga wane" farashinsa yana sauka idan ka zo sayarwa.

6. Shirya littafin daren jajibiri

Ka ɗauki leda, ka yanke taga mai kusurwa huɗu a daidai inda kake so a sa hannu, ka zagaye bakin tagar da shuɗin tef, sannan ka saka littafin da kwali biyu a baya. Amfaninta biyu ne: mai zane ya san inda zai rubuta, kuma hannunsa ba zai taɓa sauran bangon ba. A kan tef ɗin ka rubuta sunan wanda zai sa hannu da launin makar da kake so.

Gargaɗi: a ledar da babu komai a ciki ake yanka. Kada reza ta kusanci littafi ko da wasa.

Ka zaɓi wuri mai fili a bango, inda babu fuska ko rubutu. Bango mai duhu yana son azurfa ko zinariya, mai haske yana son baƙa. Idan mutum biyu ko uku za su sa hannu a littafi ɗaya, ka raba musu wuri tun yanzu. Wasu sun fi so a sa a shafin farko na ciki don bangon ya zauna fes, wannan ma daidai ne, sai dai a yi da biro ko fensir, domin maka tana ratsa takarda.

7. Zagayen safe

Ka isa kafin a buɗe ƙofa. Ka riga ka yi alama a taswirar zauren. Manyan baƙi da yawa ba sa zama yini guda, lokaci ake ware musu, wasu sai da tikiti ko abin ɗaurawa a hannu da ake rabawa da sassafe, wasu ma ƙuri'a ake yi ta intanet kafin taron. Waɗannan za ka fara nema. Daga nan sai layin teburan masu zane, wanda ake kira Artist Alley. Idan kana son a yi maka zane na musamman, ka je tun awa ta farko ta ranar farko, domin mai zane 'yan kaɗan yake karɓa, jerin yana cika ya rufe. Sayayya ta zo daga baya, don kada ka yini da kaya a baya.

Ka ware lokacin salla da abinci a cikin tsarinka. Abincin cikin zaure yana da tsada kuma shi ma layi ne, gara ka shigo da ɗan dabino da biskit idan dokar wurin ta yarda.

8. A gaban tebur

Kafin layi ya zo kanka, ka karanta takardar farashi da ke kan teburin. Masu zane da yawa suna sa hannu kyauta a littafi ɗaya zuwa uku, wasu suna karɓar dala 5 zuwa 20 a kowanne, wasu kuma akwatin taimako suke ajiyewa. 'Yan fim lissafinsu daban ne, daga gomman daloli har ɗaruruwa, hoto kuma kuɗinsa daban. Ƙaramin zane kusa da sa hannu shi ma da kuɗinsa, kada ka roƙe shi kyauta.

Ka fito da littattafanka tun kana layi. Ka gaishe shi, ka faɗi abu ɗaya takamaimai da ya burge ka a aikinsa, shafi kaza ko yanayi kaza. Mutumin nan ya yi wata guda yana duƙe a kan shafuka ashirin, yana jin daɗin wanda ya karanta da gaske. Kada ka jibge masa littafi talatin alhali mutane na jira. Ka kawo uku ko biyar, idan akwai saura ka koma bayan layi. Kafin ka ɗauke shi hoto ka nemi izini. Idan yana sayar da nasa littafin a teburin, ka sayi ko ɗaya ne, musamman ƙananan masu zane da suka biya kuɗin tebur daga aljihunsu.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki: ka bar tawada ta bushe. Na taɓa karɓar sa hannu da makar azurfa, murna ta sa na mayar da littafin cikin leda nan take. Da na isa masauki na ɗaga, rabin sunan yana jikin leda, sauran ya zama dogon zirin tawada a kan bango. Laifina ne ni kaɗai, kuma har yau idan na ga littafin sai na ji abin a raina. Ka koma gefe, ka riƙe shi a kwance a tafin hannu na 'yan mintoci, ka karkata shi ga haske. Idan har yana ƙyalli kamar jiƙaƙƙe, bai yi ba. Kada ka hura masa iska da baki.

9. Sayen tsoho: duba kafin ka taya

Akwatunan da ke ƙasan tebur, na dala ɗaya ko biyu, nan ne ake cike giɓin jeri da arha. Masu tsada suna rataye a bango bayan mai rumfa. Ka nemi izini kafin a fito da littafi, kuma ka cire tef ɗin bakin ledar gaba ɗaya tukuna, domin idan ya kama bango zai tafi da launi, kuma kai za ka biya.

Ka duba ƙashin bayan littafin ko akwai 'yan fararen karaya. Ka duba fil biyun da suka ɗinke shi ko sun yi tsatsa. Ka buɗe tsakiya ka ga ko shafin tsakiyar yana maƙale. Ka dubi launin takarda, fara ce ko ta yi ja har tana karyewa. Ka shinshina, warin danshi ba ya ɓuya. Ka juya cikin bangon, idan ka ga ɗigon launi ya ratso, wani ya bi karaya da maka don ya ɓoye ta. Sannan ka ƙirga shafuka. Littattafan kamfanin Marvel na tsakiyar shekarun 1970 suna da wani ɗan kan sarki a ciki da yara kan yanke, kuma fitowa ta 181 ta Incredible Hulk ta 1974, wadda ake nema saboda fitowar jarumi Wolverine a cikinta, tana cikinsu. Wanda aka yanke wa nasa farashinsa ya faɗi ƙwarai, daga waje kuwa ba za ka gane ba.

Gargaɗi: kamfanoni suna sake buga shahararrun fitowa da bango iri ɗaya sak. Fitowa ta 52 ta Fantastic Four ta 1966, inda jarumi Black Panther ya fara bayyana, farashin da ke bangonta santi 12 ne na dalar Amurka. Ka duba farashin bango, ka kuma karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko ko na ƙarshe, nan ake rubuta shekara da ko bugu na nawa ne. Haka nan sa hannun wanda ya rasu, irin mai zane Jack Kirby da ya rasu a 1994 ko marubuci Stan Lee da ya rasu a 2018, kada ka biya kuɗinsa don kawai an haɗa maka da wata takarda mai hatimi. Kowa na iya buga irinta.

Ana ciniki, amma ba irin na Kurmi ba da za a ce dubu goma ka taya uku. Ka haɗa littafi huɗu ko biyar, ka tambaya nawa zai bari gaba ɗaya idan tsaba za ka biya. Ragin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari abu ne da aka saba. Ranar Lahadi da yamma mai rumfa yana tunanin lodin akwatuna, ya fi sauƙin sallamawa. Sai dai abin da babu irinsa biyu a zauren ba zai jira ka har Lahadi ba. Ka karɓi rasit da katin mai rumfar.

10. Dawowa da ajiya

Masu daraja su shiga jakar hannu, tsakanin kwalaye masu tauri. Takarda tana da nauyi, ƙaramin akwatin littattafai idan ya cika yakan haura kilo 10, jakar da ake aunawa kuwa yawanci kilo 23 ce iyakarta. Ka auna tun a masauki.

A gida sai wani sabon yaƙin. Zafin bazara yana sa takarda ta yi ja, danshin damina yana kawo fumfuna da tsatsar fil, ga gara da kyankyaso. Ka jera littattafan a tsaye cikin akwati, kowanne da ledarsa da kwalinsa, kada su matse kuma kada su kwanta. Akwatin ya hau kanta, nesa da ƙasa, nesa da bangon da ke tsattsafo, nesa da silin mai ɗaukar zafin kwano. Ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Wanda aka sa wa hannu kada ka rataye shi inda rana ke bugawa, tawadar maka tana koɗewa. A bayan kwalin kowane littafi, ka rubuta da fensir wanda ya sa hannu, sunan taron, kwanan wata da abin da ka biya, sannan ka riƙa buɗe akwatin kana dubawa farkon damina da ƙarshenta.